Ranar da Na Ja Motar Baba daga Karantina

Motar Baba ta girme ni. Tun ina rarrafe take fake a bakin ƙofarmu a unguwar Karantina, nan ƙasar Larabawa, ja ce, mai ƙofa biyu, gajera kamar a kwance take a ƙasa, da dogon hanci da ya kusa kai rabin tsawonta. A bayanta an rubuta sunanta da ƙarfe mai ƙyalli, haruffan a karkace. Baba ya yi shekara da shekaru yana tuƙi a gidan wani attajiri a Balad, cikin tsohon gari. Ɗan gidan ne ya sayo ta daga waje, da ya gaji da ita ya miƙa wa Baba makulli. Takardunta kuwa ba a taɓa juya su zuwa sunan Baba ba, suna ɗauke da sunan mai gidan har ya rasu, motar ta zama wadda ba ta da izinin taka kwalta. Daga baya injin ma ya daina tashi. Duk da haka kowace Juma'a Baba zai fito da bokiti ya wanke ta, ya buga wa tayoyin iska, ya shiga ya zauna yana tattaka birki, wai don kada ya ƙage.

Lokacin da hukuma ta ba mu mata izinin tuƙi a ƙasar nan, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti a unguwar Ammariyya, na kuma gaji da tsayuwar jiran mota a rana. Na koyi tuƙi, na je wurin sayar da motoci ban ma san wadda nake so ba. Sai idona ya faɗa kan sunan. Haruffan nan ne dai a karkace, amma a bayan wata farar mota mai ƙofa huɗu, mai tudu kamar ƙaramar jif. Mai sayarwa ya ce kamfanin ne ya dawo da sunan bayan an daɗe da daina ƙera ta farkon, kuma yanzu haka kamfanoni suke yi, mutane suna son motar da za ta ɗebi iyali da kaya amma zuciyarsu tana ga tsohon suna. Ban saurari sauran bayaninsa ba. A raina na ce yau zan kai wa Baba abin da zai faranta masa rai.

Bai yi murna ba. Ya zagaya ta yana dogara sanda, ya tsaya a bayanta ya daɗe yana kallon rubutun.

"Uwata, buɗe min gaba." Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa yake kirana haka.

Na buɗe. Baƙar roba ce ta rufe komai.

"Tayar da ita in ji."

"Ai a kunne take, Baba."

Ya kasa kunne, sannan ya miƙe. "Wannan ba ita ba ce. Ba ma 'yar ƙanwarta ba ce. Sun ɗauki sunan sun manna wa motar kai yara makaranta."

Raina ya sosu, na ce ai ni ma sunan wata aka manna min.

"Ke kin ɗauko idonta, kin ɗauko taurin kanta. Wannan me ta ɗauko?"

Daga ranar bai taɓa shiga cikinta ba. Ko ranar ganin likitan ciwon sugansa, gara ya tsaya a bakin titi ya tari tasi da in kai shi.

Haka muke har aka fara rusau. Wata safiya muka tashi muka ga an rubuta kalma guda da jan fenti a bangon gidanmu da na maƙwabta, ikhla, wato a tashi. Unguwa ta fara zubewa gida bayan gida. Mutanen da muka taso tare suka watse, wasu ko sallama ba mu samu yi ba. Aka yanke wuta, aka daina kawo ruwa. Yayana ya samo mana haya a unguwar Kurayyat, muka riƙa kwashe kaya a ƙaramar motar ɗaukar kaya, katifu, firji, tukwanen Umma. Maganar jar mota kuwa kowa yana kauce mata. Yaya ya kira masu satha, motar da ake ɗora matacciyar mota a bayanta. Ɗaya ya ce sai ya ga takardu, wani ya zo ya leƙa lungunmu ya ga ɓaraguzai sun cinye rabin hanya, ya juya. Masu sayen ƙarfe suka zo da kansu suna tayi, Baba ya ɗaga musu sanda.

Ranar ƙarshe da hantsi, ƙarar motocin rusau ta iso layin da ke bayanmu. Duk lokacin da bango ya faɗi sai ƙasa ta motsa a tafin ƙafata, ƙura ta taso ta rufe rana. Na gama cusa sauran kaya a motata, Umma ta shiga gaba ta rungume tukunyar da ta ƙi yarda a sa a baya. Muka nemi Baba a gida babu shi. Yana cikin jar mota, ya ɗaga gilashi, ya danna makulli ta ciki, hannayensa biyu a kan sitiyari.

Yaya ya ƙwanƙwasa. "Baba, yalla, mu tafi. Halas, an gama."

"Ku je," muka ji muryarsa ta cikin gilashi. "Ni ina nan."

Umma ta fito da tukunyarta. "Malam, ka ji tsoron Allah. Ka yi allurarka ba ka ci komai ba. Zafin nan kashe ka zai yi."

Bai ko waiwayo ba. Gumi ya riga ya jiƙa wuyan rigarsa. Wani ma'aikaci mai hular kwano ya ratso ƙura ya zo, ya dube mu, ya dubi motar, ya ce da Larabci bayan azahar za su shigo layin nan, kuma duk abin da suka tarar za su ture. Ba da faɗa ya yi maganar ba, kamar wanda ya gaji da maimaita ta. Yaya ya ɗauki rabin bulo ya ce zai fasa gilashin. Na riƙe hannunsa, don na san in ya fasa, Baba ba zai ƙara yi masa magana ba har ya koma ga Allah.

Na sunkuya daidai kunnen Baba. "Ni zan ja ta."

Ya sauke gilashin kaɗan. Zafin da ya fito ya dake ni a fuska. "Da waccan?"

"Da ita."

"Ba za ta iya ba."

"In ta kasa, sai mu zauna nan a ture mu tare."

Ya dube ni da idonsa mai kyau, don ɗayan yanar ido ta riga ta rufe shi. "To ni zan riƙe sitiyari."

Yaya ya ce sam, mutumin da ba ya gani da ido ɗaya, ƙafarsa ta dama kuma tana mutuwa. Baba ya fara ɗaga gilashi. Yaya ya ce to, to, ya ji, amma zai zauna a gefensa ya riƙe birkin hannu. Na san abin da wannan yake nufi a wurinsa. Kamfanin kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a wurin hukuma, ya rufe, iƙamarsa ta izinin zama a ƙasar ta ƙare ba a sabunta ba, ya yi watanni yana bin lungu don kada ya haɗu da mai kaki. Yanzu zai hau babban titi a motar da ba ta da takarda, ɗaure da igiya.

Igiyar a gidan maƙwabcinmu muka same ta, wani Bahaushen Sudan da ya yi aiki a tashar jiragen ruwa, ya tashi ya bar ta a tsakar gida. Kauri gare ta, tana warin gishiri. Yaya ya kwanta a ƙasa ya ɗaura ta a ƙarfen ƙarƙashin jar mota, ya lalubo zoben ja a cikin but ɗin motata ya murɗa shi a baya. Umma ta tura wa Baba dabino da ruwa ta taga, ta tsaya a kansa sai da ya haɗiye. Na kira wayar Yaya, muka bar layin a buɗe, muryarsu tana fitowa ta lasifikar motata.

"Uwata, kina jina?" in ji Baba. "Abu biyu. Kada ki bar igiya ta kwanta. Kada ki taka birki ba ki faɗa min ba."

Na saki birki a hankali. Igiyar ta tashi daga ƙasa, ta miƙe, motata ta girgiza ta tsaya cik. Na ƙara taka mai. Wani abu ya yi ƙara a baya kamar an karya ƙashi, sai na ga jar mota ta motsa a madubi. Inda ta tashi ya bar baƙin tabon mai a ƙasa, wata mage ta fito da gudu.

Lungun da na saba ratsawa ido rufe ya zama wani wuri daban. Rodi ya fito daga ɓaraguzai kamar yatsu, ƙofofi a yashe, fasassun tayil ko'ina. Motata tana da na'urar da ke kuka in abu ya matso jikinta, ranar kuwa ba ta yi shiru ba, hagu da dama, har na ji kamar in fasa ta. Umma tana ta salati ƙasa ƙasa. A wata kwana sai da Yaya ya fito ya taya Baba murɗa sitiyari ta taga, don ba inji, ya yi nauyi kamar dutse. A bakin layi wata katafila ta gifta gabana ba zato, na taka birki ban ce komai ba. Na ji Yaya ya yi ihu, jar mota ta tsaya saura kaɗan ta same ni.

"Me na ce miki?" in ji Baba.

"Yi haƙuri, Baba."

"Birkin nan sau nawa kike tsammani zai amsa min? Faɗa min kafin ki taka."

Muka fita babban titi. Na kama gefen dama na kunna fitilun gargaɗi. Manyan motocin da ke fitowa daga tasha suna wuce mu suna danna hon, iskarsu tana kaɗa mu. Direbobi suna leƙowa, wani saurayi ya zuro waya ta taga yana ɗaukar mu yana dariya. Tafin hannuna ya jiƙe, ina gogewa a abayata ɗaya bayan ɗaya. Kowace farar mota na hango a madubi sai in ce ta 'yan sandan hanya ce. Ina ta faɗa, zan rage, zan taka, na saki, Baba yana amsawa da to kawai.

Na manta da gada. Hanyar da nake bi kullum ce, amma ban taɓa lura da tudunta ba sai ranar. Da na hango ta babu wurin kaucewa, motoci sun rufe ni ta hagu, shingen kankare ta dama.

"Taka mata," in ji Baba. "Kada ki sassauta a tsakiya, in kin tsaya za mu koma baya."

Na taka. Motata ta yi wani gurnani da ban taɓa ji daga gare ta ba, ta haura da mu ba ta yi gardama ba. Na jira in ji Baba ya ce wani abu. Bai ce ba.

Daga saman gadar na ga abin da ke ƙasa. Motoci sun tsaya a danja, ta ƙarshe a layinmu tirela ce mai ɗauke da kwantena. Muka fara gangara. Na ce zan rage, na dubi madubi, na ga igiyar ta kwanta a kwalta, jan hancin yana matsowa.

"Baba, birki!"

"Ya tafi ƙasa!" Yaya ne, yana ihu. "Birkin ya tafi ƙasa, babu komai! Na ja na hannu, ba ya kamawa!"

Ƙafata ta koma kan mai da kanta, na gudu daga gare su. Igiyar ta miƙe da ƙarfi ta fizgo su, gudunsu ya ƙaru. Umma ta saki tukunya ta dafe gaban mota. Bayan tirelar yana girma a gilashina, har ina iya karanta rubutun jikin kwantenar.

"Uwata." Muryar Baba ta fito a hankali, kamar yana kirana in kawo masa shayi. "Ɗage ƙafarki daga mai. Ki bar ni in zo in jingina da ke. Kada ki gudu."

"Za ku buge mu!"

"Za mu buge ku. Ki bari. In kin ji mun taɓa, sai ki taka a hankali, ki riƙe mu duka."

Na ɗage ƙafa. Ban taɓa yin abin da jikina ya ƙi irin wannan ba. Na riƙe sitiyari na zuba wa madubi ido, na ga fuskar Baba tana matsowa, hularsa a karkace, bakin Yaya a buɗe. Sai bugun ya zo. Kaina ya daki kujera. Da yake tasu gajera ce, tawa mai tudu, hancin ya shige ƙarƙashin bambar motata ta baya, ƙarfe yana kukan gogar ƙarfe.

"Yanzu. A hankali. Ƙara. Ƙara."

Na taka, na ji nauyinsu yana tura ni, birkin yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafata. Na ƙara dannawa har na miƙe daga kujera. Muka tsaya. Tsakanina da tirelar, mutum ba zai iya ratsawa ba sai a karkace.

Umma ta sunkuya ta ɗauko tukunyarta. Danja ta ba da hannu, tirelar ta tafi, na baya suka fara hon. Na kasa ɗage ƙafata daga birki. A haka motar 'yan sandan hanya ta zo ta tsaya a bayanmu da fitilunta.

Jami'in matashi ne, fuskarsa duk gumi. Ya dubi igiyar, ya dubi yadda motocin suka cije juna, ya zo tagata ya karɓi lasisina da iƙamata. Ya tambayi daga ina. Na ce Karantina. Ya gyaɗa kai kamar ya riga ya sani. Sannan ya taka zuwa jar mota, ni kuma ina kallon Yaya a madubi. Ya sunkuyar da kai, hannunsa har yanzu a kan birkin hannu. Ta wayar da ba mu kashe ba na ji jami'in ya nemi takardun motar.

"Babu," in ji Baba da Larabci. "Mai ita ya rasu. Ni ne direbanta. Wannan ɗana ne, ni na tilasta masa ya shigo. Waccan 'yata ce, ni na sa ta."

"Lasisinka fa, ya ammi?" in ji jami'in, wato kawu.

Baba ya ciro shi daga aljihu. Jami'in ya duba shekarar da lasisin ya mutu, ya mayar masa. Ya sunkuya ya dubi Yaya. Ina jin numfashin Yaya a lasifika. Ya daɗe yana kallonsa, ko kuwa ni ce na ga ya daɗe. Sai ya ce masa ya fito ya kwance igiyar nan kafin wani ya mutu a kanta.

Ni ya rubuta wa tara, ta jan mota da igiya a babban titi. Ya ce jar mota ba za ta ƙara taka kwalta ba ko taku ɗaya, ya kira satha da kansa, ya ce in muna da fili a kai ta can, in ba mu da shi a kai ta inda ake tara irinta. Yaya ya ce akwai wani fili a bayan rumbun kaya kusa da sabon gidanmu, mai wurin ya san shi. Can aka kai ta, can take har yau, hancinta a lotse. Iƙamar Yaya kuwa sai bayan watanni ta gyaru, da ya samu sabon kafili.

Da aka zo ɗora ta, Baba ya kasa fitowa. Ƙafarsa ta dama ta sandare saboda taka birkin da babu shi. Yaya da mai satha suka ciro shi kamar yaro. Ya ce zai hau gaban satha ya bi motarsa, ya ɗaga ƙafa ya kasa kai wa matakin. Ya tsaya a rana yana riƙe da ƙofar, motoci suna wucewa. Umma ta fito, ta koma baya ta matse tsakanin kaya, ta bar ƙofar gaba a buɗe.

Ya shigo. Bai dubi komai a cikin motar ba, ni ma ban dube shi ba. Na miƙa hannu na ɗaura masa bel, na juya masa iskar sanyi. Bambar baya tana jan ƙasa, haka muka bi sathar a hankali har Kurayyat.

"Kin taka da kyau," ya ce, bayan mun yi nisa.

Na goge idona da bayan hannu, na ci gaba da bin sathar.

Kafin mu isa barci ya ɗauke shi, kansa a jingine da gilashi, bakinsa a buɗe. Na tsorata na ce ko sugansa ne ya faɗi, na tsaya a ƙofar gidan na ciro na'urar awo daga jakata na soki yatsansa. Ko motsi bai yi ba. Awon ya nuna lafiya lau, gajiya ce kawai. Yaya ya zo zai tashe shi, Umma ta ce a ƙyale shi. Suka riƙa hawa da kaya su biyu suna saukowa, ni kuma na zauna a wurina da mota a kunne har aka kira la'asar a wani masallaci da ban san muryar ladaninsa ba.